Kwamfutar Baba Sufana Ba Ta Lalacewa Sai Asabar

Bangon da ya raba ɗakina da falon Baba Sufana bulo ɗaya ne. Ko tari ya yi sai na ce masa sannu a zuciyata. Don haka ranar Asabar ɗin da nake tsaye ina guga, ba ni na kasa kunne ba, maganar ce ta biyo bango ta same ni.

"Baba, fayil ɗin nan da hannuna na goge shi. Ya aka yi ya dawo?"

Muryar 'yarsa ce, autarsa, wadda ke kula da kwamfutocin wani asibiti a ɗaya gefen gari. Shi yana kiranta Injiniya, rabi yabo rabi zolaya.

"To ni na sani, Injiniya? Kayan zamani ne. Kin san su da aljanu."

"Aljanin ne ya canza masa suna? A da sunansa jar kujera, yau ya koma sabuwar jar kujera. Aljanin naka har makaranta ya yi."

"Rage murya, akwai maƙwabta."

"Su ji mana! Ranar hutuna ɗaya tal, na bar wanki a jiƙe, na hau mota na sauka na hau wata, na zo ina haki, ashe kai ke kwance wayar da hannunka."

Ta bangon ina jin ƙarar fankar kwamfutar. Can sai ya ce, "Ga lemonki can a firji."

"Ba na sha. In ta sake mutuwa ka yi mata sutura. Ni dai na gama."

Ƙofa ta buga, takalminta ya sauka bene yana ƙwas-ƙwas. Da na duba, na ƙona wuyan rigar da nake gogewa.

A gareji ya samo sunan Sufana. Inda wasu ke soke biro a aljihun gaba, shi ƙaramar sufana yake sokewa, kuma har yau da ya bar aiki tana nan. Yawancin rayuwarsa a ƙarƙashin mota ya yi ta, ya fi sanin cikin motocin unguwa fiye da fuskokin masu su. Ba ya tambayar mai mota abin da ke damunta. Cewa yake a tayar, ya runtse ido, ya saurara. In matsalar ta wuta ce kuma ta ɓuya, yana da hanyarsa: ya zare rabin fiyus ya tayar. In ciwon na nan, to yana cikin rabin da ya bari. In ya tafi, yana cikin rabin da ke hannunsa. Sai ya sake raba wannan rabin biyu, haka haka har ya rage guda ɗaya. Yakan ce ɓarawo ba ya kwana a ɗaki biyu.

Abin da ya fi tinƙaho da shi kuwa shi ne bai taɓa sassauta wa mai mota waya ba. Akwai bakanikai masu gyara abin da aka kawo, su ɗan kwance wani abu can ciki, don mai motar ya dawo bayan kwana biyu. Baba Sufana ya san yadda ake yi, ya ga ana yi, har ya taɓa rabuwa da abokin aikinsa a kan haka. Duk wanda ya zauna da shi na ɗan lokaci sai ya ji wannan labarin.

A gida ba shi da faɗa, ba shi da hira. 'Ya'yansa maza biyu sun yi nisa, sai waya. Lokacin da matarsa ta kwanta ciwon ajali, babu abin da bai gyara a ɗakin ba: fanka, ƙafar gado, sakatar taga, har rediyon da ta daina saurare. Kujerar da ke gefen gadon ce kaɗai bai taɓa zama a kai ba. 'Yan dubiya suna fita suna cewa ga miji mai kula. Autar, wadda ita ke zaune a kujerar, wani abu dabam ta gani: mutumin da ba ya iya zama hannu sake a gaban abin da ba ya gyaruwa. Ba ta faɗa masa ba. Gidansu ba a faɗin irin wannan.

Bayan rasuwar, bayansa ya ƙi, likita ya hana shi sunkuyo, ya bar garejin. Sai ga Injiniya da wata tsohuwar kwamfuta da ta haɗa daga tarkace, ta girka masa a falo, ta sa masa wasa. Ta ce don ya rage kewa. Ni a ganina har da don ta rage zuwa, kuma ban ɗora mata laifi ba. Da irin wannan niyyar ake saya wa tsofaffi da yawa talabijin.

Wasan irin wanda ake gina gida ne, a ƙirƙiri mutane, a ba su kama da hali, su ci, su yi barci, su je aiki, su ɓata su shirya. Ba a cin kowa, ba a kai ƙarshe. Kowane mutum yana da ma'aunai a gefen allo: na yunwa, na barci, na tsafta, da na zumunci tsakaninsa da kowa a gidan. Da farko Baba Sufana ya ce shi ya girmi wasan 'yar tsana. Ana nan sai famfon kicin ɗin gidan wasan ya fashe, ruwa ya malale, ya danna famfon ya ga an rubuta ana iya gyarawa. Mutuminsa ya durƙusa da sufana a hannu. Daga ranar ba a sake jin maganar 'yar tsana ba.

Ya rushe gidan da ya fara gwaji da shi, ya gina irin wanda shi da matarsa suka fara zama a ciki da aure, har da tagar da ba ta kallon komai sai bangon maƙwabci. Ya yi mutum uku: shi, da marigayiyar, da autar. Na tambaye shi ina mazan, ya ce waɗannan ko a wasa ma ba za su zo ba. A cikin saitin wasan akwai wani ɗan akwati da ake dannawa: ko a bar mutanen su yi abin da suka ga dama, ko su tsaya cak sai an ba su umarni. Tun farkon farawa ya kashe shi. Ya ce in an bar su kwano suke ajiyewa a ƙasa.

Lalacewar farko ta gaskiya ce. Akwai kayan ƙari da wasu masu wasan ke ƙerawa su saka a intanet, kujeru, labule, tufafi, a sauke a zuba cikin wata folda. Baba Sufana ya tara su kamar yadda ya tara noti a gwangwani, cikinsu har da wata jar kujera mai kama da wadda ke falonsu a da. Da wasan ya sabunta kansa, sai ya daina jituwa da ɗaya daga cikin kayan. Ana buɗe gidan ya daskare, ya fice da kansa. Ya kira Injiniya, ta zo ranar Asabar.

Ta ce tunda kayan sun yi yawa ba za ta bi su ɗaya-ɗaya ba. Ta kwashe rabi ta ajiye gefe, ta tayar da wasan. Ta bangon na ji ihunsa.

"Kai! Wa ya koya miki wannan? Ai aikina ne!"

"Baba, kowa haka yake yi."

"Kowa ɗin a wurina ya gani. Raba wancan rabin kuma. Raba, raba!"

Har rana ta yi sanyi suna rabawa. Kafin su kama jar kujerar ya ba ta labarin wata babbar mota da ta wahalar da shi, wadda sai an kunna fitilar hagu take mutuwa. Na ji dariyarta. Tun da na tare a gidan ban taɓa jin sun yi magana mai tsawon wannan ba.

Bayan ɗan lokaci kwamfutar ta sake lalacewa, ta kuma sake. Wata rana allon ne zai yi baƙi da an shiga wasan, a tarar an ɗaga saitin hoto fiye da abin da tsohuwar na'urar za ta iya ɗauka. Wata rana foldar ajiya ce ta ƙaura daga inda take. Wata rana zafi ne ke kashe ta, a samu tsumma ya toshe bakin fanka, wai iska ce ta kai shi. Bakanike ne, ya san ba a ɓata abu ɗaya sau biyu a jere. Ni abin da ya fara ba ni tunani shi ne lemo. Akwai wani lemon kwalba mai ɗan ɗaci da ba mai shansa sai Injiniya. Ranar Juma'a da yamma nake haɗuwa da shi a bene ya sayo shi a leda, kwamfutar kuwa sai Asabar da safe take lalacewa.

Dabaru suna ƙarewa. Da nasa suka ƙare ya koma wa jar kujerar, wadda ya kwafa a filashi ya ɓoye a gwangwanin noti. Ya canza mata suna, yana ganin hakan ya isa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mutumin da bai taɓa sassauta wa baƙo waya ba, 'yar cikinsa ya yi wa, kuma ita ta kama shi.

Bayan faɗan nan Asabar ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ban ji takalminta a bene ba. Maganinsa na hawan jini ma a wurin mai shagon da ke ƙasan bene take ajiyewa ta juya. Ta bangon ina jin kiɗan wasan tun safe har yamma, lafiya lau, ko tuntuɓe ba ya yi.

Sai wata Laraba ya ƙwanƙwasa min ƙofa. A shagon buga takardu nake aiki, don haka a gidanmu ana ɗauka na san kwamfuta.

"Maƙwabciya, in ba ki da aiki zo ki duba min wani abu."

Ya zaunar da ni, ya buɗe wasan, ya zaɓi gidansa. Layin da ke cika a ƙasan allo ya taho har ya kusa ƙarshe, ya tsaya. Kiɗan ya maƙale a sauti ɗaya kamar ƙuda a kwalba. Sai komai ya ɓace, muka koma kallon allon farko.

Na ce, "Baba, ko kayan ƙarin ne?"

"Na kwashe su duka. Ko labule ban bari ba."

"Saitin hoto fa?"

"Na sauke shi ƙasa. Da na fita na dawo sai in tarar ya koma inda yake. Komai na canza ba ya zama."

"Ka kashe ka kunna?"

Ya yi min kallon da yake yi wa mai motar da ya tambaye shi ko ya duba mai. Ya ce ya goge fayilolin wucin gadi da wasan ke tarawa, ya sa wasan ya binciki kansa ya gyara, ya buɗe murfin kwamfutar ya share fanka da burushin haƙori. Duk abin da Injiniya ta taɓa yi a gabansa ya haddace, har da waɗanda ni ban sani ba. Wasan ya sake sabunta kansa ne da safe, ana cikin yi wuta ta ɗauke.

"In na fara sabon gida yana buɗewa," in ji shi. "Nawa ne ba ya buɗewa."

"To ka gina sabo mana."

"Ginin ba wuya. Mutanen fa?" Ya ɗan sosa gemu. "Na san zane ne, maƙwabciya, ban haukace ba. Amma na daɗe kafin in samu hancinta ya fito daidai."

Ban tambayi hancin wa ba. Na ce ya kira 'yarsa.

"Da wane bakin? In ce mata ta lalace? Ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"To ka ce mata ta zo kawai."

"Ta zo ta yi me?"

Da gaske yake tambayar. A saninsa mutum ba ya tafiya wurin wani sai da dalili, dalili kuwa abu ne da ake iya nunawa da yatsa. Na koma ɗakina. Kwanakin da suka biyo baya babu kiɗa ta bangon, sai ƙarar farkon wasan, sai sautin nan mai maƙalewa, sai shiru, sai kuma daga farko.

Ranar Asabar na sauko sayen sabulu na tarar da Injiniya tana miƙa wa mai shago ledar magani. Na gaishe ta, na ce kwamfutar ta lalace.

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Har ya ɗauke ki aiki? Nawa yake biya?"

"Wannan karon ba shi ba ne."

"Yaya, kin san tun yaushe na gane? Tun ranar tsumman fanka. Iska ba ta ninke tsumma gida huɗu."

"To me ya sa kika ci gaba da zuwa?"

Ta duba titi, ta gyara jakarta. "Saboda in ba ta lalace ba, ni ma ban san abin da zan zo in ce masa ba. Sai mu zauna muna kallon bango. In muna gyara kuwa, bakinsa na buɗewa." Ta juyo ta dube ni. "Na gaji ne kawai. Ni ba mota ba ce da za a riƙa kwance min waya don in dawo. Mama ta yi shekaru tana jira ya ce mata zauna mu yi hira, har ta tafi yana gyaran taga. Ni ba ni da irin haƙurinta."

Na ga dai ba fushin ƙaryar take yi ba. Ƙaryar ta yi musu amfani su biyun, ita ma ta sha lemonta a kai. So take ya faɗa da bakinsa, shi kuma ya fi sauƙi a gare shi ya sauke injin babbar mota shi kaɗai.

Na juya ga mai shago. "Malam, Baba ya sayi lemon nan mai ɗaci jiya?"

"Ina! Rabonsa da shi an kwana biyu. Ga su can sun ƙi tafiya, ba mai sha sai Anti."

Injiniya ta dubi mai shago, ta dube ni. Ta karɓe ledar maganin daga hannunsa. "Zo mu je," ta ce min. "Ki zama shaida. In jar kujera ce, ta taga zan jefo kwamfutar."

Da ya buɗe ƙofa ya gan ta, bai ce komai ba sai, "An zo lafiya?" Ta ce lafiya lau, ta ajiye maganin, ta ja kujera. Ya tsaya a bayanta hannuwansa a baya, kamar mai motar da aka hana taɓa kayan aiki. Ta buɗe gidan, ta ga yadda ya maƙale ya fice. Ta leƙa foldar kayan ƙari ta tarar da ita wayam. Ta canza wani saiti, ta fita, ta dawo, ta ga bai zauna ba. A nan fuskarta ta canza, ta cire agogon hannunta ta ajiye a tebur.

"Wuta ta ɗauke ana sabuntawa?"

"Ta ɗauke."

"Shi ne ba ka kira ni ba?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta fara kwafe komai ta adana gefe, kada garin neman gira a rasa ido. Ta nuna mana wani ɗan fayil da wasan ke rubuta saitinsa a ciki, ta ce ɗaukewar wutar ta bar shi rabi a rubuce, shi ya sa ba ya karɓar canji. Ta janye shi waje don wasan ya ƙirƙiri sabo. Ajiyar gidan kuwa ta lalace, ba ta da magani. Amma wasan yakan bar tsofaffin kwafi a gefenta ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ta ɗauki na baya-bayan nan ta canza masa suna ya koma na ainihin, ta gwada. Ya maƙale. Baba Sufana ya zaro sufanar aljihunsa yana juya ta a hannu. Ta ɗauki wanda ya girme shi, ta gwada.

Layin ya taho, ya kai inda yake tsayawa, ya ɗan yi jim, ya wuce. Gidan ya bayyana, da tagarsa mai kallon bango.

"Tsohon kwafi ne," ta ce. "Duk abin da ka gina kwanan nan ya tafi."

"Gareji ne kawai na ƙara a baya. Ya je."

Sai muka ga mutanen suna motsi ba wanda ya taɓa su. Sabon fayil ɗin saiti ya mayar da komai yadda ya zo daga masana'anta, har da ɗan akwatin nan da ya kashe. Matar ta ɗauki littafi ta zauna. Mutuminsa ya nufi famfon da ba abin da ya same shi, ya tsaya yana kallonsa. Wata mota ta tsaya a ƙofar gida ta yi hon, yarinyar ta canza kaya ta nufi waje.

Hannun Baba Sufana ya kai kan linzamin kwamfutar. Injiniya ta riga shi.

"Ina za ta?"

"Aiki," ya ce. "Soke shi. Kullum sokewa nake yi."

A duk zuwan da ta yi, da ta ga gidan ya buɗe take tashi. Ba ta taɓa tsayawa ta duba abin da ke ciki ba. Yanzu ta danna yarinyar, ta karanta. Gargaɗi ne daga wurin aiki jere da juna, saura ƙiris a kore ta.

"Baba, hana ta zuwa aiki kake yi?"

"Hanyar ba kyau."

"Wace hanya? Titi ɗaya ne a garin!"

Ta danna mutuminsa. Ma'aunin iya gyara ya cika har ya yi tauraro. Ma'aunin zumunci tsakaninsa da yarinyar ko rabi bai kai ba.

"Kullum tana gida, kuma wannan bai cika ba?"

"In na danna ta abubuwa da yawa ke fitowa," in ji shi. "Ba ta labari, yi mata barkwanci, tambaye ta yadda ta wuni. Kafin in zaɓa sai in ga gara ya je ya duba famfo."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin dariya ne. Motar ta tafi da yarinyar. Ya ce yanzu shi ke nan, wa ya san inda za ta biya. Injiniya ta danna maɓallin da ke sa lokaci gudu. Inuwar gidan ta juya, matar ta gama littafi ta ɗauki wani, mutuminsa ya yi barci a tsaye. Da yamma ta yi a wasan, motar ta dawo. Yarinyar ta shigo, ta wuce ubanta ko kallo, ta buɗe firji, ta ci abinci a tsaye, ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Ka gani? Ta dawo."

"Ta dawo ta ajiye min kwano a ƙasa."

"Ai ni ce. Da wa kake so ta yi kama?"

Ta miƙe ta yi miƙa, ta nufi firjinsa na gaske ta buɗe. Ruwa ne a gora, da rabin albasa.

"Ba lemo?"

"Ban san za ki zo ba."

Ta daɗe a gaban firjin fiye da yadda kallon rabin albasa ke buƙata. Sannan ta zuba ruwa ta sha, ta dawo ta tambaye shi ko ta kashe masa ɗan akwatin kamar da. Ya dubi allon. Mutuminsa ya farka, ya sunkuya ya ɗauke kwanon, yarinyar ta tsaya kusa da shi tana faɗin wani abu da hannu.

"Bar shi tukuna," ya ce. "Mu ji yadda injin zai yi a haka."

Ta nuna masa yadda zai riƙa kwafe ajiyarsa gefe kafin kowace sabuntawa, ta sa ya yi da hannunsa ta gani. Sannan ta miƙa masa tafin hannu. Ya gane. Ya ɗauko gwangwanin noti, ya tona, ya ciro filashin ya sa mata. Ta jefa shi a jaka, ta ɗaura agogonta.

Da wannan an gama. Kwamfuta ta gyaru, ya iya gyaranta da kansa, jar kujera ta tafi. Babu sauran abin da zai nuna mata da yatsa, kuma dukanmu mun san haka. Na riga su fita na tsaya a bakin ƙofata ina laluben makullin da ke hannuna. Injiniya ta sa takalmi ɗaya, ta sa ɗayan, ta duba jakarta, ta sake dubawa. Ta ce to sai an jima, ta taka matakala ta farko a hankali, ba irin saukar da ta yi rannan ba.

Yana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan sakata, yana murza ta kamar mai neman inda take da matsala.

"Injiniya."

Ta tsaya, ba ta juyo duka ba.

"Asabar mai zuwa babu abin da zai lalace," ya ce. "Amma zan sayi lemon."